Baturen da Ya Zo Neman Kakansa a Lakwaya

Cikin duk ranakun da na yi a bakin aiki, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da Darakta ya haɗa ni da wani tsohon Bature. Lokacin ina jami'in yaɗa labarai a sakatariyar ƙaramar hukuma a Gwarzo, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano. Ku da kuka shigo aiki daga baya, ku sani aikinmu ba ɗaura lasifika a kan mota kaɗai ba ne. Duk baƙon da aka turo daga Kano, kai ne ɗan rakiya, kai ne tafinta, kai ne kuma za ka rubuta rahoto.

Darakta ya ja ni gefe ya ce, "Malam Sabo, wai kakansa yake nema. A wannan marra mutum ya taso daga Ingila neman matacce? Ko ɗan mishan ne, ko ɗan jarida. Kada ka bar shi da kowa shi kaɗai."

Sunan Baturen Mista Alan. Ya ce kakansa ya yi aikin haƙa rijiyoyi a yankin nan zamanin En'e, kuma kafin mahaifiyarsa ta rasu ta faɗa masa tsohon ya bar ɗa a ƙasar Hausa. Abin da ya riƙo bai taka kara ya karya ba: hoto ɗaya da ya koɗe, da kwafin takardun da ya samo a Kaduna. Su ma takardun ba su yarda da juna ba. Wata ta ce mai sunan kakan nasa ya zauna a Gwarzo, wata ta ce a Katsina yake a shekarun, wata kuma ta nuna Turawa biyu ne masu suna iri ɗaya. Na kai shi sitonmu, muka tarar gara ta riga mu karatu.

Ƙa'ida ita ce a fara gaida hakimi, shi ya haɗa ka da dagaci, dagaci ya tara dattawa. Haka muka bi, a motar sashenmu wadda tun zamanin tsuke bakin aljihu sai an tura take tashi, har muka isa wani ƙauye gefen Lakwaya. Dattawa sun san Bature Mai Rijiya. Sai dai wani ya ce dogo ne, wani ya ce gajere ne mai tumbi. Ɗaya ya rantse zazzaɓi ya kashe shi a nan, na kusa da shi ya ce da idonsa ya ga tafiyarsa.

Muna tashi sai wani dattijo, Alhaji Tanko, ya biyo ni bakin mota ya rage murya.

"Ku daina wahalar da kanku. Ku je gidan Malam Yero ku dubi fatarsu da idonsu."

Zaƙewarsa ba ta kwanta mini ba. Na koma na tambayi dagaci a keɓe. Ya ce limamin garin ya tsufa, Malam Yero ake shirin bai wa limanci, ƙanen Alhaji Tanko kuma shi ma yana so. Nan na gane inda aka dosa. Idan aka ce mahaifin Malam Yero ɗan Bature ne ba ta hanyar aure ba, limanci ya tafi, 'ya'yansa mata ma sai sun ji a jikinsu.

Na so mu juya, amma Mista Alan ya riga ya tsinci sunan. In na hana shi, zai dawo ba da ni ba. Na yarda bisa sharaɗin ba ɗaukar hoto, kuma ni zan yi magana.

Malam Yero malamin Islamiyya ne, fari, asalinsu makiyaya. Bayan doguwar gaisuwa a zaure ya dube ni ya ce, "Na san wanda ya aiko ku." Ya sa aka riƙo yayar mahaifinsa, Goggo Hajjo, tsohuwa tukuf. Ta zauna ta jero kakanninsu ɗaya bayan ɗaya, har zuwa wanda ya fara shigowa da shanu daga yamma, ba ta yi tuntuɓe ba. Sannan ta ce a ba ta hoton. Ta kai shi dab da idonta, ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa.

"Ban san shi ba," in ji ta. "Turawa duk kamarsu ɗaya."

Har mun miƙe sai ta ce, "Ɗan nan, tambaye shi. Mutumin nan, a hannun 'ya'yansa ya cika?"

Na fassara. Mista Alan ya ce eh. Ta ce, "To, madalla."

A hanya Mista Alan ya tambaye ni dalilin wannan tambaya. Na ce tsofaffinmu sukan yi ta a kan kowane mamaci. Gaskiya na faɗa, amma ni kaina ban gamsu ba. Ya ce goshin Malam Yero irin na tasa mahaifiyar ne sak.

Na ce, "Mai neman kama, ko a jikin bango zai gan ta. Kai jibi za ka hau jirgi, shi kuwa a nan zai ci gaba da zama."

Haka muka koma Gwarzo.

A rahoto na rubuta cewa ba a samu tabbaci ba. Darakta ya ce, "Shi ke nan?" Na ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe." Alhaji Tanko ya yi ta sintiri ofis yana neman jin sakamako, na karanta masa abin da na rubuta, ya fita ba sallama. Malam Yero ya zama liman. Goggo Hajjo ba ta ga damina ta gaba ba, ta tafi da abin da ta sani, in har akwai shi.

Abin da na koya ke nan. Takarda takan ɓatar da kai ba da niyya ba, mutum kuwa da niyya yake yi. Kafin ka rubuta abin da aka raɗa maka, bincika me mai raɗar zai samu. Kuma "ban sani ba" amsa ce da ma'aikaci zai sa wa hannu ba tare da kunya ba, musamman in asalin mutum ne a kan teburinsa.