Filin da Waya Ta Ce Ba Kowa

A shekarar da aka canza takardun kuɗi, mutane na yini a layi ƙofar banki, na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ina da shekara arba'in da ɗoriya. Kafin damina ta sauka na fara haɗa baƙaƙen boko, har ina iya rubuta tambaya a waya in karanta amsarta a hankali.

Muna da majalisa bayan la'asar a Dundaye, gindin wata dalbejiya. A da, in mutum ya kawo labari, sai a tambaye shi wa ya faɗa masa, ya ambaci wane daga wane. A shekarar nan aka daina wannan tambaya. Sai dai a ce a duba waya.

Akwai wani tsoho cikinmu da ya yi rayuwarsa yana haƙar kabari. A wajenmu ba a rubuta suna a kan kushewa, fasasshiyar tukunya ake kifawa, ruwa da shanu su tafi da shi. Saboda haka tsohuwar maƙabartar bayan gari a kansa kaɗai take.

Ranar nan wani ɗan kasuwa daga Gidan Dare ya zo da maganar zai gina shaguna a wani fili can bayan gari. Tsohon ya ce akwai mutane kwance a wurin. Ɗan kasuwar bai yi musu ba, ya buɗe taswira a wayarsa, ya miƙo mini, ya ce tunda na zama ɗan boko in karanta wa jama'a. Na ji daɗin da aka zaɓe ni. Na duba, fili ne fari fat, ba ko rubutu ɗaya. Na rubuta maƙabarta, wayar ta kai ni wata can nesa. Na ce babu.

Tsohon ya daɗe yana kallona.

"Ɗana, wayag ga ta taɓa ɗaukar gawa? Nan munka sa ubanka."

Ina da shekara shida aka rufe mahaifina. Abin da nake tunawa rana ce da ƙafafun manya. Da wayar a hannuna sai na ji ban tabbata ba. Wani ya ce tsufa ne, aka yi 'yar dariya. Na miƙa wa ɗan kasuwar wayarsa.

Daga ranar tsohon ya daina magana a majalisa. Yakan zo ya zauna yana kallon filin, leɓɓansa na motsi. Mun ɗauka tasbihi yake.

Bayan sallar layya aka fara haƙar tushen gini. Kwana na biyu leburori suka yar da diga suka fito. Na je na leƙa. Ƙasusuwa ne jere, kowa a kan haƙarƙarin dama, fuska ga alƙibla. Waɗanda aka fara tonowa motar yashi ta riga ta kwashe su, ba wanda ya san inda ta juye.

Na tafi gidan tsohon, na same shi kwance ba lafiya. Sai a lokacin na gane ba tasbihi ba ne, sunayen mamatan yake ta jerawa. Na ɗauko littafin ajina na fara rubutawa, amma hannuna bai da sauri, muryarsa kuma ta tafi. Bai kai Juma'a ba.

Kafin muryarsa ta tafi ya ce su goma sha tara ne a filin. Bakwai muka samu muka sake rufewa, ba mu san wane ne wane ba. Sunaye huɗu na rubuta. Sha biyar sun tafi da shi. Inda mahaifina yake, ban sani ba.