Ranar da Motar Baba Ta Sha Ruwa a Utako

Ana cewa mutanen Abuja ba ruwansu da kowa. Ƙarya ake musu. Bari motarka ta mutu a tsakiyar titi ka sha mamaki. Kafin ka gama salati an kewaye ka, kowa ya naɗe hannun riga, kowa ya zama bakanike. Ni dai kirkinsu ne ya kusa sa ni kuka wata ranar damina a Utako.

Motar ta Babana ce. Direba ne, ya yi tuƙi a wata ma'aikata tun Abuja tana daji da jar ƙasa. Da ya ajiye aiki sai ya koma Paikon Kore, can wajen Gwagwalada, yana noman doya da masara, motarsa tana fake gindin mangwaro. Doguwa ce, fara, mai giyar hannu, ta girme ɗana na fari nesa ba kusa ba. Abin alfaharin Baba a duniya ɗaya ne: tun da aka ƙera ta ba a taɓa sauke injinta ba. In baƙo ya zo gidanmu, kafin a kawo masa ruwa ya ji wannan labarin.

Da idanunsa suka yi ta dushewa har suka rufe gaba ɗaya, sai ya tara mu wata rana ya miƙo mini makullin motar. Ni, mace, ga yayyena maza zaune! Babban yayanmu ya kasa haƙuri, ya ce, "Haba Baba, wannan da ta koyi mota jiya-jiya?"

Baba ya ce, "Ku ƙafarku nauyi gare ta, kunnenku kuma ba ya ji. Uwata tana jin magana."

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ji daɗi ranar, har da rangaji. Amma na lura makulli ɗaya ya ba ni. Ɗayan yana nan a aljihun gaban rigarsa, ɗaure da wani baƙin zare, in yana hira sai ka ga yana shafa shi ta bayan yadi. Na gane karatun. An ba ni mota, amma ba a gama ba ni ba.

Kowace Asabar nakan je gaishe shi. Tun daga kwanar gidan yake gane mu, ni da ita. Ina fakawa zai ɗago hannu daga kan tabarma ya ce, "Kar ki kashe." Sai ya taso da sandarsa, ya lalubo bonet, ya ɗora tafin hannu, ya karkata kai yana saurare. Ba ya ganin gonarsa, ba ya ganin fuskokin jikokinsa, amma wannan ƙarar ya san ta ciki da waje, kuma ba ta taɓa canza masa ba. In ya gama sai ya ce, "Madalla, lafiyarta ƙalau. Ke kuma ya gajiya?" Wato ita ake fara gaisarwa, ni in biyo baya.

Dokokin da ya kafa mini suna da yawa, na manta rabi. Wadda ba ta mantuwa ita ce ta ruwa, don duk damina sai ya maimaita. Yakan ce, "In ruwa ya kashe miki mota, to ta mutu ke nan sai an cire fulogi. Kar ki murɗa makulli. Kar ki yarda a tura ki ki saki kuloci. Iska fistin yake matsawa, ruwa ba ya matsuwa. In kika tilasta shi, ƙarfe ne zai lanƙwashe, inji ya buga." Nakan ce to Baba, ina hamma a ɓoye.

To, ranar wata Juma'a ce da la'asar. Na biya kasuwar Utako na yi sayayyar da zan kai masa washegari, lemo da ayaba da ganyen shayi. Ina fitowa sama ta ɓalle, irin ruwan Abuja da ba ya sallama. Na bi wata hanya ta bayan tasha don in kauce wa cunkoso, ashe kwalbatin wurin ya toshe da leda da robobin ruwa, titi ya zama rafi. Na ga ƙananan motoci suna ratsawa, ni ma na sa giya ɗaya na shiga a hankali, ina bismillah. Da na wuce lafiya, wallahi da na wuce. Sai ga wata ƙatuwar mota mai baƙin gilashi ta taho daga gaba a guje, kamar uban direbanta ne ya yi titin. Ta turo ruwa ya hau kan bonet ɗina. Motar Baba ta yi tari, ta yi wata 'yar jijjiga, ta yi tsit.

Hannuna ya kai kan makulli kafin hankalina ya iso. Haka hannun kowane direba yake yi. Yatsuna suna kai na ji muryar tsohon nan a kunnena, na janye kamar na taɓa tukunya mai zafi. Na zare makullin gaba ɗaya na cusa shi can ƙasan jaka, don ban yarda da kaina ba.

Ruwan sama ya fara tsagaitawa, na ƙasa kuma ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa yana lasar takalmina. Sai ga jama'a. Masu dako, 'yan acaɓa da suka fake a rumfa, wani mai wankin mota, da wani ƙaton mai sayar da rake wanda nan take ya naɗa kansa shugaba. Ya leƙo ta taga, ruwa yana ɗiga daga hularsa.

"Hajiya, sannu. Ba ta wuta mu ji."

Na ce, "Ba zan ba ta ba. Ta sha ruwa."

"Ai shi ya sa! In ta tashi sai ki taka totur, duk ta amayar da shi ta salansa."

Wani daga baya, da irin Hausar da aka koya a tasha, ya ce, "Madam, batir ne. Ka sa giya biyu, mu tura, ka saki kuloci, finish!"

Na kira maigidana a waya don in samu mai goya mini baya. Yana jin hayaniya ya ce, "Alhamdulillahi, akwai mutane. Ki bari su tura ki mana, sun fi ki sanin mota." Na ce na gode ƙwarai, na kashe wayar. Shi da ko tayar motarsa bai taɓa canzawa da hannunsa ba!

Abin da wanda bai taɓa shiga irin wannan hali ba ba zai gane ba shi ne, ƙin taimako ya fi neman sa wuya. Mutanen nan sun shigo ruwan kwata har gwiwa saboda ni. Ba su san ni ba, ba su tambaye ni komai ba. Ta yaya zan dubi idonsu in ce ku duka ba ku san abin da kuke faɗa ba? Ga shi kuma dole a fitar da motar daga ruwa, ni kaɗai ba zan iya ba. Sai na yi murmushi na ce, "To bismillah, ku tura."

Na sauke hambirki, na bar giya a firi, na riƙe sitiyari. Suka sa kafaɗa. "Ya Allah! Ya Allah!" Mota ta fara tafiya, ta fito daga ruwa, ta kama gudu. Mai rake ya daka tsawa, "Yanzu! Saki! Hajiya, saki!" Ni kuwa ƙafata tana ƙasa abinta, ba ta kusa da kuloci ba. Na gyaɗa kai da ƙarfi kamar ina ƙoƙari. Suka tsaya suna haki, suka ce a sake. Aka sake. Da haka da haka, Allah Ya yafe mini, suka haura da ni tudun nan har kusa da wani gareji da nake hange tun daga ƙasa.

A nan mai rake ya gano ni. Ya zagayo ya leƙa ƙafafuna, ya kalli giya, ya kalle ni.

"Hajiya! Ashe tun ɗazu a firi kike? Kika bar mu muna ta zuba gumi?"

Wani ya ce, "Kai, mata da mota!" Wani kuma ya kama murfin ƙofa ya ce in sauko shi ya shiga ya tayar mini. A nan ne fa raina ya ɓaci. Na danna makullin ƙofa, na ja hambirki har ya yi ƙara, na ce, "Wallahi duk wanda ya sa wa motar nan giya, sai dai ya bi ta kaina! Ta ubana ce, makaho ne, da kunne yake ganin ta. In injin nan ya buga, me zan kai masa gobe ya saurara?"

Tsoro nake ji, tsoro sosai. Ba gorin yayyena ba, duk da na san zan sha shi har in tsufa. Abin da nake gani shi ne Baba ya ɗora hannu a bonet ya ji baƙuwar ƙara, ta wani injin kanti da aka ɗauko daga wata ƙasa. Mai rake ya sosa ƙeya ya ce, "Allah Sarki. To ai sai ki faɗa tun farko." Shi da kansa ya je ya kira mai garejin.

Bakaniken dattijo ne, Bayarabe, Hausarsa tar. Tambaya ɗaya ya yi mini, "Kin murɗa?" Na ce a'a. Ya ce, "To da sauƙi." Ya buɗe bonet, ya ciro matatar iska, ta jiƙe sharkaf kamar soson wanka. Ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan tsumma. Sannan ya ce yanzu kam in murɗa, tunda ruwan ya samu ƙofar fita. Hannuna ya ƙi. Na ba shi makullin na ce shi ya yi, ni kuma na je na leƙa kan injin don in ga abin da idona. Ba wanda ya ce mini in matsa. Yana murɗawa ruwa ya yi tsartuwa daga ramukan fulogi, baƙi ƙirin, ya wanke mini fuska da mayafi.

Jama'a suka kwashe da dariya, har da masu tafi. Mai rake ya riƙe ciki yana cewa, "Alhakinmu ne, Hajiya! Alhakin turi ne!" Ni ma dariyar nake, ina tofar da ruwan kwatar Utako. Da ya nutsu sai ya leƙa ya ce, "Kai, ashe duk wannan yana ciki." Na buɗe but na raba musu lemo da ayabar Baba, aka zauna ana ci ana ba bakanike shawarar da bai nema ba.

Aka juye baƙin mai, ya fito fari-fari kamar shayi da madara. Aka zuba sabo, aka busar da kafireto da fulogi, aka sa sabuwar matatar iska. Kafin a kira magariba ya ce in shiga in gwada. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta turo farin hayaƙi, sannan ta kama. Na kasa kunne. A wurina dai ƙararta ce ta kullum, amma ni ba Baba ba ce.

Washegari na shanya dardumar ƙasan motar, na fesa turare, na sake sayen lemo a hanya. Tun daga Zuba nake shirya yadda zan yi shiru da bakina. Na karya kwanar gidan, na hango shi a tabarma gindin mangwaro.

"Kar ki kashe."

Ya taso da sandarsa, ya ɗora hannu a bonet, ya karkata kai. Ya daɗe fiye da kullum. Ni kuwa ina zaune a ciki ina jira.

Ya ce, "Ta sha ruwa."

Na ce, "Ta sha, Baba."

"Sabon mai, sabuwar matata. Ga warin darduma, turarenki bai ɓoye komai ba." Ya sake saurarawa, yana motsa leɓe kamar mai bin karatu. "Amma ƙarfenta lafiya lau. Ba ki murɗa ba."

"Ban murɗa ba."

"Mutum nawa suka ce ki ba ta wuta?"

Na ce, "Duk Utako, Baba. Har da surukinka a waya."

Ya yi dariya har sai da ya jingina da motar. Ya ce, "Na san su. Ai masu kirkin su suka fi kashe inji." Sannan ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa, ya ciro makullin nan mai baƙin zare. Ya laluba ta taga har ya samu tafin hannuna, ya saka shi a ciki, ya naɗe yatsuna a kai da nasa.

"Riƙe, Uwata. Nauyi yake mini a aljihu."

Hawaye kawai nake yi, ina godiya ga Allah da ba ya ganina. Ya juya ya nufi tabarmarsa, yana taɓa ƙasa da sanda. Bai waiwayo ba ya ce, "Kashe ta haka nan, kina ƙona mai. Kuma ki share fuskarki ki zo ki gaishe ni."