Karkataccen Ɗinki

Inna tela ce, shekara talatin da bakwai a kan keke, kuma ban taɓa jin ta yabi ɗinkin wani mahaluƙi ba. Kana gaishe ta, ita tana kama bakin hannun rigarka, ta juya shi, ta bi zaren da farce. In ta yi shiru ka tsira. In ta ce "Hmm", to je ka sake kaya.

Da keken nan ta raine mu, ni da Yaya, bayan rasuwar Baba. Ta so in gaje ta. Wata shida na yi a shagonta, kalma ɗaya na koya: "Farke." Na gudu na zama malamar makaranta, inda aƙalla babu mai juya min riga.

Wata Talata hawan jini ya kayar da ita a gaban keken. Muka tsinci kanmu a ƙofar ɗakin kulawa ta musamman, ita tana ciki da bututu a baki, inji yana yi mata numfashi. Matar da ko zare ba ta yarda a zura mata a allura! Likita ya ce jikin yana ƙoƙari, abin da bai sani ba shi ne ko hankalinta zai dawo. Ya ce mu riƙa yi mata magana, kowa minti goma.

Yaya, wanda ya zama babban likita cikin kwana biyu albarkacin wayarsa, kullum sai ya koya wa nas karanta lambobin na'ura, sannan ya durƙusa: "Inna, ke ce hasken rayuwarmu." Ni ma na yi ta zuba daɗaɗan kalamai. Ko gezau. In ma tana ji, ta ɗauka 'ya'yan gadon kusa ne suka yi ɓatan kai, don ba haka muke magana a gidanmu ba.

Kwana shida ta buɗe ido. Kwana tara aka rage ƙarfin injin. Amma kallon da take min shi take wa bango. Wallahi na ji tsoro, irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai na buɗe shagonta, na kakkaɓe keken, na ɗinka riga. Niyyata in karkata ɗinkin da gangan. Ashe ba sai na wahalar da kaina ba, hannuna ya san aikinsa.

Na sa rigar na shiga, na tura bakin hannun ƙarƙashin yatsunta. Minti bakwai shiru. Can sai babban yatsa ya motsa. Ya lalubi bakin rigar, ya juya shi, farce ya bi zare, ya tsaya daidai inda ya kauce. Girarta ta haɗe.

Yaya ya ce ai ya karanta, motsin jijiya ne kawai. Nas ta roƙe shi ya taimaka wa asibitin da shirunsa, ta ruga kiran likita.

Bayan kwana uku aka cire bututun. Yaya ya kara kunne a bakinta yana jiran sa albarka. Ta tsallake shi da ido ta kalli rigata, muryar da ƙyar take fita.

"Wa ya ɗinka?"

"Ni ce, Inna."

"Farke."

Na ce to. Na zauna a gefen gadon ina farkewa da haƙori, hawaye sun hana ni ganin zaren.