Allon Majo Ya Tona Asirin Kakata

Wallahi har yanzu cikina na ciwo don dariya!

Jiya na kai kakata likitar Karofane awon hawan jini. Wata biyu tana rantsuwa tana shan maganinta, amma kullum jiri na kada ta.

Muna layin ganin majo, ma'aikaciyar jinya, na raɗa mata: "Amaryata, kin ga allon gilashin da ke hannun majo? Da an ɗaura miki abin awo, duk ƙwayar da ba ki sha ba sai ta hito a rubuce."

Ta ce, "Ja'iri, ƙarya kake."

Majo ta ɗaura mata, abu ya kumbura, ta shiga latsa allo tana yamutsa fuska. Tun ba ta ce komi ba tsohuwa ta zabura: "Ɗiyata, kashe shi hakanan! Ƙwayoyin suna cikin tulu bayan rumbu. Ɗaci gare su!"

Majo ta saki baki. "Inna, ni fa awon jininki kawai nika aika ma lokotoro, babban likita, a Buza."

Na sha sanda uku kafin mu kai gida, amma yau da idona na ga ta haɗiye ƙwayarta.

Jama'a ku yi muna alƙalanci: sanda ta dace da ni ko tukuici?