Mutumin da Ya Zo Kashe Sitiyarin Baya

A garejin da nake kai tsohuwar motata, yau ga wani bawan Allah mai furfura a gemu da safar hannu ta 'yan tsere. Motarsa ja, an sauke ta har tana shinshinar ƙasa. Irin wadda in ka murza sitiyari, tayoyin baya ma su karkata.

"Injiniya, kashe min sitiyarin bayan nan," yake ce wa makaniki. "Mu masu gudu ba ma son shi. Shi ke ja min bayan mota."

Makanikin yana shafa bambar baya, inda koren fenti ya manne. Ina zaton na ƙofar gidan mai motar ne, kuma ina zaton kullum matarsa tana shan wannan bayanin.

"Yallaɓai, ka tabbata? In na kulle shi, saura kai kaɗai fa."

An cire waya, an ɗaure tayoyin tam. Mutumin ya gyara tabarau, ya sa ribas, ƙwaram, sai ga durom ɗin ruwan garejin a ƙasa. Ya fito yana hararar tayoyin baya. Suna nan a miƙe, ba ruwansu.