Yaya Jalaluddeen da Tarwadar Babanmu

Yayana Jalaluddeen ya cika hamsin da biyu bana, kuma wallahi tun da nake ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Ni ce Rahamatu, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, kada wani ya ce sharri nake masa.

Babanmu, Malam Yakubu, ƙyanƙyasar tarwada yake yi a Kazaure, a tankunan siminti huɗu a bayan gida. Yadda aikin yake, a matse ƙwan mace, a yanka namiji a ciri ruwansa a haɗa. Namiji sau ɗaya yake amfani, kullum sai an nemi wani. Baba bai taɓa ɗaukar namiji daga tankinsa ba. Jarka yake ɗaurawa a babur, yau wajen masunta a dam, gobe Roni, wani lokacin har Gwiwa. Baƙo yake kiran wanda ya samo. Macen da ta fi 'yan uwanta saurin girma kuwa ware ta yake, ko nawa aka taya ba ya sayarwa.

Yaya tun yana saurayi yake cewa wannan yawo ɓarnar fetur ce. Ya yi ɗinki ya bari, ya sayar da takin zamani a Babura ya dawo da buhunan banza. Ana yin sadakar arba'in ɗin Baba ya karɓe tankuna, jarkar nan ya mayar da ita ta kananzir. In yana son namiji, hannu kawai yake zurawa a tanki. Manyan su ke fara tafiya kasuwa tunda su ke danna sikeli, ragowar da kowa ya ƙi kuma ita ce iri.

Ba a yi shekara shida ba 'ya'yan suka fara fitowa da karkataccen baya, kai ƙato, jiki kamar yatsa. Bazara na shigowa sai su yi ta juyowa ciki sama. Ya ce ruwan burtsatse ne. Ya ce abincin jabu ne. Ya ce bakin mutane ne. Madam Angelina, maƙwabciyarmu da ta yi ritaya daga aikin kifi na gwamnati, ta leƙa ta gaya masa cikin ladabi cewa wa da ƙanwa yake ta haɗawa, kuma ya tsince masu ƙarfi ya sayar ya bar raunana su haihu. Gogan naku ya ce ba baƙuwa ce za ta koya masa gadon ubansa ba. Kunya ta hana ni fita kwana biyu.

Abin da ya saura matan tarwada uku ne a tankin ƙarshe, waɗanda Baba ya ware suna ƙanana a shekararsa ta ƙarshe. Ni nake ciyar da su. Madam ta ce in aka samo musu namiji daga wani ruwa, irin zai farfaɗo. In suka tafi, shi ke nan. Har ƙasa na durƙusa na roƙi Yaya ya bar min su. Ya ce ya ji.

Ranar Asabar na hau acaɓa zuwa Roni. Baba Daudu, masuncin da ya yi shekaru yana hulɗa da babanmu, ya zaɓo min namiji baƙi wuluk, ya ƙi karɓar ko sisi. Duk hanya bokitin na kan cinyata, ruwa ya jiƙa min zane.

Da azahar na shigo. An zare toshiyar tankin ƙarshe, ruwa na bin kwata. Yaya na gindin darbejiya yana sakace.

"Yaya, ina kifin Baba?"

"Mai farfesu ya zo, manya yake so. Ga wasu can cike da tanki, zaɓi wadda ta yi miki."

Na leƙa na ga masu karkataccen bayan suna shawagi. Baƙon yana ta bugun bokiti. Da na buɗe baki da sai an kira mai unguwa. Na ɗauki bokitina na taka har bakin dam na juye shi.

Ina gaishe da Yaya saboda Allah. Amma ban yafe ba, kuma ya sani.