Rabon Baƙo

Shekara uku na yi ina jera biskit a kwali a wani kamfani a Sharada, har ƙarar injin ta riƙa bina cikin salla. Na gaji. Da na ji an buɗe ajin koyon girkin otal a Bompai, na kai sunana ban yi shawara da kowa ba. Duk Asabar in taso daga Panshekara, adaidaita biyu, ina ta duba agogon waya kamar shi zai buɗe mana hanya.

Malamarmu tsohuwar kuku ce, dariya ba ta dame ta ba. Ta ce mutum ukun da suka fi cin jarrabawa za a ɗauke su aiki a kicin ɗin wani otal. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Wuƙa ba ta ba ni wahala ba, gishiri ma haka. Hannuna ne matsalar. A gidanmu in an auna shinkafa sai an ƙara tafi ɗaya na baƙo, ko ana sa ran wani ko ba a sa. Haka Inna, mahaifiyata, ta koya min tun ban kai tsayin turmi ba. Malama kuwa sikeli take ɗora ragowar tukunya a kai.

"Mutum nawa na ce ki dafa wa?"

"Huɗu, Malama."

"To wannan na waye?"

"Na baƙo ne."

'Yan aji suka kwashe da dariya. Ta ce, "A otal baƙo oda yake bayarwa. Wannan asara ce, kuma maki biyar na cire."

Sau uku tana cire min. Na ji haushinta, na ji haushin kaina. Na sayo ƙaramin sikeli na kai gida, na karɓe girkin rana duk Lahadi, ina auna komai daidai bakin mu shida. Inna tana kallona daga bakin ƙofa.

Ranar jarrabawa na gama awo, sai na tsinci hannuna cikin buhu, ya riga ya damƙo. Na tsaya. Na buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, shinkafar ta koma. Ni na zo ta biyu.

Lahadin da ta biyo na yi dafa-duka, na raba kwano shida, tukunya fes. Ina cikin yaba kaina muka ji sallama. Kawuna ne, yayan Inna, daga Jigawa, tun safe yana hanya.

Na leƙa tukunyar duk da na san abin da ke ciki. Kunya ta rufe ni. Inna ta jawo nata kwanon da ba ta taɓa ba, ta gyara saman da cokali, ta rufe.

"Kai masa," ta ce. "Ni na ƙoshi."